Homa A Gaban Malaman Jami'a

A cikin fannonin ilmi da a ke koyarwa a manyan makarantun Turai da Amurka, kaɗan ne suka kai nazarin waƙoƙin mutanen Girka na zamanin da tsufa da jawo gardama. Girka ƙasa ce ta duwatsu da tsibirai a bakin Bahar Rum, ita ce Larabawa ke kira Yunan, inda su Aflatun da Aristo suka fito. Tun kamar shekara 300 kafin a haifi waɗannan masana, mutanen ƙasar suna da dogayen waƙoƙi guda biyu da su ke jingina wa wani mawaƙi mai suna Homa, wanda labari ya ce makaho ne. Galibin masana sun sa zamanin waƙoƙin wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Har wa yau akan sami ɗalibi ya ƙare ƙuruciyarsa a kansu, ya yi shekara uku ko huɗu yana neman digirin farko, sa'an nan ya ƙara waɗansu shekaru yana bin diddigin ɗabi'a guda ta mawaƙin. Ya kamata a duba abin da wannan wahala ta haifar, a kuma auna hukuncin da malaman suka yanke wa Homa, domin a cikin hukuncin akwai tambayar da ta shafi kowa: shin mutumin da bai san ko bihim ba yana iya ƙaga waƙar da za ta gagari masu alƙalami?

Waƙa ta farko sunanta Iliyad, tana da ɗango fiye da 15,600. Ta biyu sunanta Odisi, tana da kamar ɗango 12,000. Kowace an kasa ta kashi 24, daidai da yawan haruffan Girkanci. Iliyad labarin waɗansu makonni ne a shekara ta goma da mayaƙan Girka suka yi suna kewaye da birnin Taroya. Sarkin yaƙinsu, Agamemnun, ya ƙwace wa babban jaruminsu, Akilis, wata ƙwarƙwara da aka ba shi a ganima. Akilis ya yi fushi, ya ajiye makamai, aka yi ta karkashe mutanensa yana kallo, har amininsa Faturokulus ya ari kayan yaƙinsa ya fita, Hekta ɗan Sarkin Taroya ya kashe shi. Sa'an nan Akilis ya tashi ya kashe Hekta, ya ɗaure gawarsa a bayan karusa yana ja. Odisi kuwa labarin wani mai dabara ne, Odisiyus, wanda ya yi shekara goma a kan hanyar komawa gida bayan an ci birnin. Masu waƙoƙin nan masu bautar gumaka ne, allolinsu na ƙarya kuma sun cika labarin. Mai nazari yana karanta su ne kamar yadda malaman zaure ke karanta su Imru'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan Jahiliyya, watau domin harshe da fasaha da sanin halin ɗan Adam.

To, ɗalibin da ya yi nisa ba ya tsayawa a kan fassara, domin waƙa tana barin rabin kayanta a hanya in aka sauya mata harshe. Dole ya koyi Girkancin da, da nahawunsa da sarfunsa, sa'an nan ya koyi ma'aunin waƙar. Ma'aunin Girka da gaɓoɓi dogaye da gajeru ya ke aiki, kamar arulin Larabawa da rubutacciyar waƙar Hausa. Kowane ɗango na Homa ƙafa shida ne, kowace ƙafa gaɓa doguwa ɗaya ce da gajeru biyu, ko kuwa dogaye biyu. Awon nan ba wasa ba ne, ga misalin abin da ya taɓa tonowa. Wani Bature na Ingila, Richard Bentley, wanda ya rasu a 1742, ya lura ɗangwaye da yawa suna ɗingishi a ma'auni, amma in aka sa sautin "w" a farkon waɗansu kalmomi sai su miƙe sarai. Ya gane lalle akwai sautin da mawaƙin ya gada daga magabata, wanda ya faɗi daga bakin mutane kafin a rubuta littattafan da suka iso hannun Turawa. Kalmar sarki da a ke rubutawa "anaks", asalinta "wanaks" ce. A 1952 wani mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya warware rubutun waɗansu alluna na yumɓu da suka girmi Homa da kamar shekara 500, sai ga kalmar sarki a jikinsu da "w" ɗinta. Kunnen malami ya ji abin da ido bai gani ba.

Bayan ma'auni sai bin asalin littattafan. Malaman farko da suka yi wannan aiki a Iskandariyya ta Masar su ke, tun fiye da shekara 200 kafin Annabi Isa. Mafi shahara a cikinsu, Aristarkus, yakan gwada kofe da kofe, in ya yi shakkar wani ɗango sai ya ja ɗan gajeren layi a gefensa, ya bar shi a wurinsa, domin na baya su gani su yi nasu hukunci. Sharhinsu ya tsira a gefen wani littafi da marubutan Rumawa suka kwafa da hannu a ƙarni na 10, mai cike da hashiya kamar littattafan fiƙihu, wanda ke ajiye a birnin Benis na Italiya. An fara buga Homa da na'ura a Fulorans a 1488, amma hashiyar nan sai a 1788 wani Bafaranshe ya buga ta. Da ita wani malamin Jamus, Friedrich Wolf, ya dogara ya fito da littafinsa a 1795, inda ya ce a zamanin Homa ba a rubuta dogayen waƙoƙi, saboda haka Iliyad gajerun waƙoƙi ce ta mutane dabam dabam, aka ɗinke su daga baya a birnin Atina. Daga nan malamai suka ɗauki wuƙa. Ɗaya daga cikinsu, Karl Lachmann, ya yanka Iliyad gida 18. Aka yi shekara fiye da ɗari, wannan ya ce nan ne ɗinkin, wancan ya ce a'a, can ne, har aka kusa manta cewa abin da a ke yankawa waƙa ce.

Babban laifin da a ke gani a wurin Homa shi ne maimaici. Manzo ya karɓi saƙo, ya je ya faɗe shi kalma da kalma. In za a ci abinci, ko a yi yanka, ko gari ya waye, sai a ji ɗangwayen da aka riga aka ji. Ga kuma kirari da ba ya bin hali. Akan yi wa Akilis kirarin saurin ƙafa alhali yana zaune a ɗakinsa yana fushi. Akan yabi jiragen ruwa da gudu alhali sun shekara tara a kan tudu. Har tufafin da wata 'yar sarki za ta kai wanki an siffanta su da ƙyalli. Malamin da ya saba da mawaƙi mai zama da takarda, yana gogewa yana gyarawa, sai ya ce wannan sakaci ne, ko kuwa wani mai ƙaramin sani ne ya cusa.

Wanda ya sauya tambayar wani saurayi ne Ba'amurke, Milman Parry, wanda aka haifa a 1902. A littafin digirinsa na dokta, da ya gabatar a birnin Faris a 1928, ya jera kirarin jarumai duka, ya auna kowanne, ya duba gurbin da ya ke faɗawa a cikin ɗango. Sai ya ga tsari mai ban mamaki. Kowane babban jarumi yana da kirari gajere da matsakaici da dogo, gwargwadon filin da ya rage a ɗango, kuma da wuya a sami biyu masu awo ɗaya suna aiki ɗaya. Ya ce irin wannan tanadi ya fi ƙarfin mutum guda, gado ne da mawaƙa suka yi ta tacewa kaka da kakanni. Ya ce kuma ba mai bukatarsa sai wanda ke ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a, ba shi da damar tsayawa ya nemi kalma. Kirarin saurin ƙafa ba ya nufin Akilis yana gudu a lokacin, sunansa ne cikakke, wanda ya dace da rabin ɗangon da ya saura.

Parry bai tsaya a ɗakin karatu ba. A 1933, da kuma 1934 zuwa 1935, ya tafi ƙasar da a lokacin a ke kira Yugoslabiya, tafiya ta biyu tare da almajirinsa Albert Lord, suka ɗauki na'urar naɗar murya a kan fayafayai. A can akwai mawaƙa, da yawansu Musulmi, waɗanda ba su iya karatu ba, suna waƙar yaƙe-yaƙen zamanin Turkawa a gidajen shan gahawa, musamman a dararen azumi, suna goga wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya kamar kukuma. Gwaninsu shi ne wani dattijo, Avdo Mejedovic. A 1935 ya yi kwanaki yana shifta wa magatakarda waƙar auren wani jarumi, ta haura ɗango 12,000. Wata rana aka sa shi ya saurari wani mawaƙi yana rera waƙar da shi bai taɓa ji ba, da aka ce ya maimaita, sai ya rera ta ta kusa ninka ta farkon sau uku, ya ƙawata ta da siffar dawaki da makamai da taron fada. An kuma lura mawaƙan sukan rantse sun maimaita waƙa kalma da kalma, amma in aka gwada fayafayan sai a ga labari ɗaya ne, lafazi ya sha bamban. Parry ya rasu a ƙarshen 1935 yana da shekara 33, harbin bindiga ya yi ajalinsa. Lord ya ci gaba da aikin, ya fito da littafinsa a kan mawaƙan a 1960.

Abin da ke daidai a wannan hukunci yana da yawa, kuma adalci ne a faɗe shi. Parry ya wanke Homa daga laifin da ba nasa ba, domin an daɗe ana auna shi da mudun marubuta. Mai sauraro ba ya iya juya shafi ya koma baya, saboda haka maimaici shi ne ke riƙe masa hanya, ya kuma ba mawaƙi numfashi. Ya bayyana dalilin da ya sa harshen Homa ya gauraya karin garuruwa dabam dabam da tsofaffin kalmomi, har da sautin nan da Bentley ya gano, domin kayan gado ne suka taru a bakinsa. Ya kuma nuna da shaidar ido cewa rashin karatu dabam, rashin ilmi dabam. Dattijon nan na Yugoslabiya ya yi shekaru yana koyon sana'arsa kamar yadda ɗalibin jami'a ke yi a tasa. Duk wanda ya taɓa zama a gaban makaɗin fada ya ji yadda ya ke jero kirarin sarki yana saƙa sabon zance a tsakani, ba zai yi mamakin wannan ba. Abin mamakin shi ne yadda malamai suka yi ƙarnuka ba su tambayi mai waƙa da baki ba.

Amma fa waɗansu mabiyan Parry sun zarce gona da iri. Suka ce tun da ma'auni ne ke zaɓen kirari, kada a nemi ma'ana a cikinsa, kada kuma a ce Homa ya yi nufin wani abu da maimaici. A nan ne waƙar da kanta ke ƙaryata su, ga kuwa shaidu uku.

Na farko yana kashi na 9 na Iliyad. Da wuya ta yi wuya, Agamemnun ya aika a ba Akilis haƙuri, ya lissafa kyautar da zai ba shi: zinariya, da dawaki 12, da mata 7, da garuruwa 7, da auren ɗaya daga 'ya'yansa mata uku, da mayar da ƙwarƙwarar. Ya rufe da cewa Akilis ya rusuna masa, domin ya fi shi sarauta da shekaru. Odisiyus ya je ya maimaita lissafin kusan kalma da kalma, amma da ya zo kan maganar rusunawa sai ya haɗiye ta. Mai sauraron da ya ji saƙon sau biyu shi ke gane abin da aka ɓoye, ya kuma gane dalilin da ya sa Akilis ya buɗe amsarsa da la'antar mai baki biyu. Da ba a yi maimaicin ba, da giɓin bai fito ba.

Na biyu yana kashi na 16. Sau huɗu a cikin waƙar a ke nuna jarumi yana shirin yaƙi dalla-dalla, kullum kuma bisa jeri ɗaya: kariyar ƙwauri, sulke, takobi, garkuwa, kwalkwali, mashi. Da Faturokulus ya sa kayan Akilis, jerin ya tafi daidai har aka zo kan mashi, sai mawaƙin ya tsaya ya ce bai ɗauki mashin Akilis ba, domin ba mai iya sarrafa shi sai mai shi. Da wannan ɗan kauce wa hanya mai sauraro ya san aron riga ba ya mai da mutum mai rigar, ya kuma san wannan saurayi ba zai dawo ba.

Na uku, wanda ya fi duka, yana kashi na ƙarshe. Tsohon Sarkin Taroya, Firiyam, ya fita da dare da keken alfadarai cike da dukiya, ya shiga sansanin abokan gaba domin ya fanshi gawar ɗansa. Ya durƙusa ya rungumi gwiwoyin Akilis, ya sumbaci hannuwansa. Akwai wani laƙabi mai nuna yawan kashe maza wanda galibi Hekta a ke yi wa shi a cikin waƙar. A wannan wuri mawaƙin ya ɗora shi a kan hannuwan Akilis, watau hannuwan da suka kashe mai laƙabin, ga su a leɓen ubansa. Bayan 'yan ɗangwaye, sa'ad da tsohon ke kuka, sai laƙabin ya koma kan Hekta. Suka yi ta kuka tare, wannan yana tuna ɗansa, wancan yana tuna tsohon ubansa da amininsa. Akilis da kansa ya ɗauki gawar ya ɗora a makara, ya ba da kwana 11 ba yaƙi domin a yi jana'iza. A kan jana'izar nan ta abokin gaba waƙar ta ƙare, ba ta kai ga cin birnin ba. Kalmar ta gado ce, kowane mawaƙi na zamanin yana da ita a jakarsa. Sanin inda za a ajiye ta shi ne na Homa.

Akwai kuma gyara ta wani gefen. Lord ya ɗauka mawaƙin baka na gaskiya shi ne mai ƙagawa a lokacin da ya ke rerawa. Wata malama, Ruth Finnegan, wadda ta karanta Girkanci a Okasfod kafin ta yi bincike a Saliyo, ta nuna a littafinta na 1977 cewa hanyoyin suna da yawa. Mawaƙan Somaliya sukan yi kwanaki suna saƙa waƙa a zuci, sa'an nan masu hadda su ɗauka. A Zariya ma Malam Aliyu Namangi, makaho ne, ya tsara Imfiraji bisa ma'auni a cikin ransa, waɗansu suka rubuta. Saboda haka abin da aka gani a Yugoslabiya misali ne mai haskakawa, bai isa ya zama doka a kan kowane mawaƙi ba. Yadda waƙar Homa ta shiga takarda kuwa har yanzu ana gardama. Girkawa sun ari haruffa daga Finikawa wajen zamanin nan nasa, shi ya sa alfa da beta nasu suka yi kama da alif da ba. Lord ya ce mai yiwuwa mawaƙin shifta ya yi wa wani marubuci. Waɗansu sun ce shi da kansa ya riƙa rubutawa yana ƙarawa, waɗansu kuma sun ce waƙar ta daɗe tana yawo a baki kafin ta tsaya.

In aka haɗa duka, hukuncin da ya fi kusa da gaskiya shi ne Parry ya gano kayan aikin Homa, amma kayan aiki ba su ne gwaninta ba. Maƙera da yawa suna da uwar maƙera da masaba iri ɗaya, duk da haka akan san takobin gwani. Nazarin jami'a ya yi amfani a duk inda ya haɗa awo da sauraro, kamar yadda Bentley da Parry suka yi, ya kuma ɓata lokaci a inda ya tsaya ga yanka da ƙidaya kawai. Ɗalibin da ya iya auna ɗango 15,000 amma zuciyarsa ba ta motsa ba a wurin durƙuson Firiyam, to da sauran karatu a gabansa.

Alƙalami ma yana da nasa haƙƙi. Girkawa suna da waɗansu dogayen waƙoƙi a kan yaƙin Taroya ban da waɗannan biyu, sun ɓace sai sunaye da 'yan gutsattsari, domin an daina kwafarsu. Wata shahararriyar mawaƙiyarsu, Safo, galibin abin da ya rage nata guntaye ne, waɗansu ma a jujin wani tsohon gari na Masar aka tono su. Homa ya tsira ne domin marubuta sun yi ta kwafarsa hannu da hannu fiye da shekara dubu biyu, har Sulaimanu Bustani, mutumin Labanan, ya fito da Iliyad cikin waƙen Larabci a Alƙahira a 1904. Wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci da takardar shaida a hannu ya sami abin da Avdo bai samu ba, amma kada wannan ya sa ya raina tsohon da ke riƙe da tarihin garinsu ko waƙar kakanninsa a ka. Ya fi kyau ya ɗauki takarda da fensir ya zauna kusa da shi tun yana da rai, ya rubuta yadda ya ji, ba ƙari ba ragi, in kuwa ya yi shakkar wani wuri ya ja ɗan layi a gefe ya bar shi, kamar yadda malamin Iskandariyya ya yi.